Hular da Ba Ta Taɓa Zuwa Maiduguri Ba

Salama gare ku, masu karatu a waya. Ni ban yi boko ba ko na yini ɗaya. Surukata Halima ce ke rubutawa, ni ina faɗi. Na ce ta gyara abin da za ta gyara don mutanen Kano su gane, amma kada ta taɓa mani "munka" da "sunka", da su anka haife ni. In kun ga magana ta karkace, bakina ne. In kun ga ta tsaya cak, Halima ce ke dariya.

Sunana Hajjo, a Boɗinga nake, bayan tasha. Shekarata hamsin da tara, jikokina bakwai. Ku riƙe maganar jikokin nan a ranku, don ku san girman abin da zan faɗa.

Mijina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne mai kai albasa kudu. 'Yan tasha suna ce masa Ummaru Direba. Halima ce ta rubuta sunan nan, ni bakina bai taɓa kama shi ba. Shekara talatin da huɗu muna tare bai sa hular kasuwa ba, duk ni ke ɗinka masa da allura. Ina da wani zane da na ƙirƙira da kaina, ƙananan gidaje a jere kamar fangalin albasa in an ba shi ruwa. Ban taɓa yi wa kowa shi ba sai shi. Ko daga nesa anka hango zanen nan, an san kan waye.

Da ya rasu, shekara shida ke nan, ya bar hula goma sha uku cikin adaka. Ta ƙarshen, mai ruwan toka da kore, ita ce aikin da na fi ƙwarewa a kai duk rayuwata, kuma sau ɗaya ya sa ta. Da ita ya tafi Aba, ya dawo da zazzaɓin da ya zama ajalinsa.

To, akwai wani zaure da maza sunka buɗe a Wasaf, wai shi Zauren Tagiya, wato hula a bakinmu. Tsofaffi ne marasa aikin yi. Rubuta haka, Halima, ban ce ki sassauta ba. Kullum da safe kowa ya ɗauki hoton kansa da hular da ya sa, ya faɗi inda ta taɓa zuwa. Wannan ya ce darar nan da ita ya sauka Jidda. Wancan ya ce malfarsa ta sha ranar Illela har ta gaji. Akwai wani ɗan Dingyaɗi mai haɓar kada guda ɗaya tak, amma kullum da sabon garin da ta je.

Ɗana na fari yana cikinsu. Ladan muke ce masa don shi ke kiran salla a masallacin unguwa, abin da ya hutar da ni kama sunan ɗan fari. Shi ne mijin Halima. Duk Juma'ar farkon wata sai ya ɗauko hular babansa guda, ya durƙusa bakin ƙofata.

"Inna, wagga ina ta je?"

Sai in ba shi labari. Waccan Onitsha ta je, ranar da gada ta cushe sunka yi kwana biyu albasa na ruɓewa. Wannan kuma ta faɗa rafi a Kontagora, ya bi ta da gudu da zani. Ladan ya sa ta a kansa, ya ɗauki hoto, ya mayar masu da labarin. Ya yi goma sha biyu. Ta ƙarshen ya ce sai watan da babansa ya rasu.

A zauren nan Alhaji Mijinyawa na Shagari ya riƙa jin labaran. Tsohon dillalin albasa ne, abokin tafiyar marigayi, matarsa ta rasu bara waccan. Ɗan gaye ne na ƙarshe, ko gona za shi sai ya tsaya zaɓen hula. An ce shekara arba'in ba wanda ya ga tsakiyar kansa sai wanzami. Ya fara zuwa duk Alhamis, wai gaida iyalin abokinsa. Da farko goro. Sai turare. Sai ya karɓi lambata. Ran nan ina tsince shinkafa sai ga saƙon murya.

"Hajiya Hajjo, kin tashi lahiya? Ni dai tun da nika jin labarin tagiyoyin nan, na san akwai hannu a Boɗinga. Hannun nan nika so, da mai shi."

Sau tara na saurara, a bayan rumbu, na manna wayar a kunne kamar ɓarauniya. Ni, mai jikoki bakwai. Ban ba shi amsa ba. A zamaninmu mace ba ta amsa irin wannan da baki, da allura take amsawa.

Alhamis ta gaba ya zo da wata hular zanna a leda, wai zare ya zare a gefenta, ko zan taimaka. Da gani ka san da farce ya ja zaren. Na gyara, na kuma zagaya bakinta da zare na ƙulle. Na sami awon kansa.

Nan na yi wautar. Na so in yi masa wani zane daban, wallahi na so. Sau uku ina farawa ina warwarewa, hannuna bai san wata hanya ba sai fangali. Ga kuma ragowar zaren ruwan toka da kore a cikin kwalla tun na waccan. Kuma bari in faɗi ta ƙasan zuciya: haushi nake ji a ce aikina mafi kyau ya je Aba sau ɗaya ya dawo ya kwanta a adaka. Ina so a gan shi a kan mai rai.

Ni ba na aiki da takarda, ido da ƙirga ne. Sai na buɗe adaka na ɗauko hular marigayi ta ƙarshe, na warware ɗinkin da ya haɗa samanta da jikinta, na shimfiɗa jikin a kan faifai ina ƙirga gidajen ina kwafa. Na ce in na gama zan mayar da ita yadda take. Wata huɗu ina yi, da hantsi, gindin dogonyaro, in Ladan ya fita shago. Idona har ruwa yake. Halima tana gani ta zaci ta mijinta ce.

Ranar da na miƙa wa Alhaji ita a zauren gidanmu, cikin tsumma, da hannu biyu ya karɓa.

Na ce, "Alhaji, sharaɗi guda. Kada ka sa ta sai na yi magana da ɗana."

"Haba Hajiya. Ai ko madubi ba ya ganin ta."

Kwana uku ya iya.

Ranar Lahadi da safe ina shan kunu Ladan ya shigo ɗakina ko sallamar kirki babu.

"Inna, dubi wagga."

Ga Alhaji Mijinyawa ya cika waya, farar shadda, ya karkata kai gefe kamar ango, fangalina a kansa. Ladan ya danna murya. Ku ji abin da tsohon nan ya faɗa wa maza tamanin:

"'Yan'uwa, wagga a Maiduguri na saye ta, shekarun baya, wurin wani tsoho Babarbare mai ido ɗaya. Ruwan sama ya tare mu a Damaturu, na cusa ta cikin riga don kada ta jiƙe. Irin wanga aiki sai can gabas, nan ba a iya shi."

Nan ba a iya shi! Wata huɗu na idona ya ɗauka ya ba wani tsoho mai ido ɗaya da Allah bai halitta ba.

A ƙasan hoton kuwa mutane sun fara. Halima ta karanta mani daga baya. "Alhaji, wagga ba ta marigayi Ummaru Direba ba ce?" "Fangalin Boɗinga a Maiduguri?" Ladan bai jira ba, ya jawo adaka ya zazzage a kan gadona. Goma sha biyu. Ta sha ukun tana ƙarƙashin katifar da nake zaune a kai, gida biyu.

"Inna, wa ya taɓa adakar ga?"

Halima tana bakin ƙofa da tsintsiya. Ta dube ni, na dube ta, ta juya ta shige kicin. Da na buɗe baki a lokacin, da magana ta ƙare a ɗaki. Amma in ce wa ɗan fari me? In ce na farke hular ubansa don in ɗinka wa saurayi? Na ci gaba da juya ludayi a cikin kunu.

Sai ya ce, "Idi."

Idi mai wankin hula ne, rumfarsa na bakin tasha. Ya haura shekara ashirin yana wanke hulunan gidan nan, kuma shi ya wanke duka sha ukun kafin Babbar Salla. Ladan ya tafi can da zafinsa, gaban masu keke da masu rake, ya ce Idi ya sayar da hular mamaci. Ya dawo ya rubuta a zauren. Kafin la'asar mutane sunka riƙa zuwa suna cire hulunansu daga kan katakon da yake ɗora su, wasu da danshinsu. Mai wankin hula ba shi da jari sai amana. Wa zai bar zannarsa wurin wanda anka ce yana sayarwa?

Washegari Idi ya zo ƙofar gida. Ya durƙusa, hannunsa duk sitaci ya bushe. Ladan na tsaye.

"Inna Hajjo, ke kinka ƙirga su ranar da na kawo. Goma sha uku. Har kinka ce ta tokar ta yi kyau."

Halima, kada ki tsallake wannan. Rubuta yadda na faɗa.

Na ce, "Ban tuna ba."

Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ya ce, "To, Inna. Allah shi ƙara girma." Ya tashi ya tafi.

Kwana biyu tuwo bai wuce mani ba. In Ladan ya kira salla sai in ji kamar sunana yake kira. Na aika wa Alhaji saƙo uku: ka janye ƙaryar nan, ana cin mutuncin bawan Allah. Amsarsa ɗaya: "Ki kwantar da hankali, Hajiya, maganar waya kwana biyu ta."

Ranar Laraba na ce wa Halima za ni gaisuwar mutuwa Mandera. Na yafa babban mayafina mai ruwan ƙasa, na shiga bas ɗin Shagari, anka matse ni tsakanin buhun gero da wata mata mai kaji. Duk hanya ina shirya magana mai ladabi. Ina sauka ta gudu.

Na same shi a dakalin ƙofar gidansa da dattawa huɗu, ana shan shayi. Hulata na kansa.

"A'a! Hajiya Hajjo da kanta? Marhabin! A kawo tabarma cikin gida."

"Nan ma ya isa. Alhaji, ina tsohon mai ido ɗaya? Gaida shi na zo yi."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ƙware da shayi. Alhaji ya taso ya rage murya.

"Hajiya, don Allah. Asirinki na ruhe. In ce masu mi? In ce ke kinka ɗinka mani?"

"Ni na ce ka sa ta? Mi na hwaɗa maka a zaure?"

"Ta yi kyau da yawa, Hajiya. Na kasa."

"Ka kasa. Idi ko ya iya, ko? Rumhwarsa ta koma kango."

Sai ya gyara tsayuwa, ya yi wani murmushi da na san na dillalai ne.

"To ga sauƙi. Ki ba ni izini in turo manya wurin Ladan. In an sa rana, sai in hito in hwaɗi wadda ta ɗinka, da alfahari. Kowa ya huta."

Ku ji fa. Mutuncin Idi ya zama abin ciniki, kamar buhun albasa. In ce e, a wanke Idi. In ce a'a, ya zauna ɓarawo.

Ban san sanda hannuna ya tashi ba. Na cire hular daga kansa.

Jama'a, ashe sanƙo ne, tas, har rana na rawa a kai. Dattawan nan kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Alhaji ya ɗora tafin hannu a ka kamar wanda anka tuɓe wa wando. Na juya cikin hular, na nuna masu ƙulli uku na jan zare da nake sa wa duk aikina.

"Ga Maidugurin. Bayan tasha take, a Boɗinga."

Na cusa ta cikin mayafi na juya. Ba zan yi maku ƙarya ba, ban ji daɗi ba. Tsohon da ya girme ni, a ƙofar gidansa, gaban abokansa. Uwata ba haka ta rene ni ba. A cikin bas na ja mayafi na rufe fuska har Boɗinga.

Ban je gida ba, rumfar Idi na nufa. Katakai a jere tsirara, hula biyu kacal ke shanya. Yana zaune yana goge burushi da ba abin da zai goge da shi. Na ajiye hular gabansa.

"Idi, wagga ba ta marigayi ba ce. Ni na ɗinka ta. Ta marigayi tana wurina."

Ko taɓa ta bai yi ba.

"Na sani, Inna."

"Ka sani?"

"Tun a hoto. Awon kan marigayi ashirin da uku na. Kan Alhaji ashirin da ɗaya da rabi, na taɓa wanke mai. Da ta marigayi ta, da ta rufe mai kunne. Kuma hannu guda ka yin fangali a ƙasar ga."

"To mi ya hana ka hwaɗi? Ranar da Ladan ya zo maka?"

Ya dubi ƙasa. "In hwaɗi a bakin tasha, Inna? Gaban masu keke? Marigayi shi ya saya mani katakon hwarko."

Wanda ya ce yana sona ya rufa wa kansa asiri ya ce nawa ne. Wanda na ƙaryata a ƙofar gidana, shi ya riƙe nawa har abincinsa na zubewa. Na durƙusa a ƙasar tasha, cikin ruwan sabulu, gwiwa biyu. Idi ya zabura yana "Subhanallahi, Inna, tashi, tashi!" Masu keke na kallo. Su kalla.

Da na koma gida na ɗaga katifa, na ɗauko gida biyun, na haɗa da sabuwar na ajiye gaban Ladan. Na faɗa masa komai, fuskata na kallon bango. Ya daɗe yana shafa ta babansa, yana jera bakin saman da na jikin kamar za su haɗe da kansu. Ya tashi ya fita. Ya je ya ba Idi haƙuri, wannan na yaba masa. Amma a zauren layi ɗaya ya rubuta: "An ga hular Baba a gida. Idi ba shi da laifi." Don ya kare ni ya gajarta. To kun san mutane. Yanzu cewa suke Idi ya ji tsoro ne ya dawo da ita a ɓoye.

Shi ya sa na zaunar da Halima. Matanku na karanta wannan shafi, ku 'yan Zauren Tagiya, su karanta maku. Idi bai ɗauki komai ba. Ni Hajjo na farke hular mijina, ni na ɗinka wa namiji hula da tsufana, ni na ce ban tuna ba alhali na tuna. Wanda ya cire hularsa daga rumfar Idi ya mayar. Wanda zai yi dariya ya zo bayan tasha ya yi, gidan mai dogonyaro.

Yau kwana huɗu Ladan bai yi mani magana ba. Yana gaishe ni ta bakin Halima, ina amsawa ta bakin Halima. Ta marigayi na haɗe ta jiya, ɗinkin bai koma kamar da ba, duk wanda ya san aiki zai ga tabon. Sabuwar kuwa na mayar da ita wurin Idi, ya wanke mata man gashin da Alhaji ke shafa wa sanƙo, ya ɗora ta a katako. Ya tambaye ni wa zai ba in ta bushe. Na ce ya riƙe.

Shi kuwa Alhaji, Halima ta nuna mani abin da ya sa a zauren shekaranjiya a wayar mijinta. Hoton kansa, babu hula, sanƙon nan a fili. Ya ce, "Yau ba ni da tagiya. Tawa tana Boɗinga, kuma ba ta taɓa zuwa Maiduguri ba." Jiya ma haka. Yau ma haka. An ce 'ya'yansa sun jera masa huluna a kan gado ya ƙi taɓawa. Ya aiko mani saƙo biyar, na saurari ɗaya. To, biyu. Halima, wa ya tambaye ki? Duka biyar ɗin.

Amsata guda na aika masa: hoto ba ya cika rumfa. In yana son hularsa, ya zo inda anka zubar da mutuncin Idi, da rana tsaka, da kansa haka, ya faɗa da bakinsa gaban masu keke cewa ƙarya ya yi. Maganar turo manya kuwa, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Mutumin da ya kasa riƙe alkawarin kwana uku, ina zan...

Dakata. Ladan ne ya shigo. Ga shi tsaye tsakar gida ya juya mani baya, makullin mashin a hannunsa, da Halima yake magana.

"Ki hwaɗa wa Inna, baƙonta na rumhwar Idi tun ɗazu. Tasha ta cika. Rana na cin kainai, ya ce ba ya shiga inuwa sai ta zo ta ji da kunnenta." Ya juya makullin a hannunsa. "Ki ce mata in ta shirya, ni za ni kai ta."

Ajiye wayar nan, Halima. Miƙo mani mayafi. A'a, ba mai ruwan ƙasa ba. Koren.